Ƙwaya Ɗaya, Bayan Abinci

Na-Sama ake kiransa, domin duk wanda ya zo nemansa sai ya ɗaga kai. Shekara talatin da 'yan kai yana fentin gidaje, rabin shekarun nan kuwa a kan tsani ya yi su. Tsanin na katako ne mai taki goma sha huɗu, wanda maigidan da ya koya masa aiki ya bar masa. Babu kalar da ba ta ɗiga a jikinsa ba. In ka tsaya ka duba za ka ga koren wata makaranta, da ruwan madarar wani ofis, da jan wani shago da tuni aka rushe shi. Na-Sama yana iya nuna maka kowane ɗigo ya gaya maka gidan da ya fito.

Ciwon kai ne ya kai shi asibiti, shi ma sai da matarsa ta ɓoye masa buroshi. Likita ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya matsa, ya saki, ya sake matsawa, sannan ya ce hawan jini ne.

"Hawa?" in ji Na-Sama. "To ai a gida ya koya, likita. Sana'ata ke nan."

Likita ya yi dariya ya ce, "Kai ka ci gaba da hawanka, shi kuma za mu sauko da shi. Ga takarda, ka kai tagar magani. In ya ƙare ka dawo mu gani."

A tagar magani layi ya yi tsawo, fanka tana ƙara, wani jariri kuma yana tsala kuka kamar an aiko shi. Mai ba da maganin mace ce mai tabarau, hannunta da sauri. Ta zuba ƙananan fararen ƙwayoyi a 'yar leda mai farin wurin rubutu, ta yi rubutu a kai, ta yi magana ta ramin gilashi. Abin da ya iso kunnen Na-Sama shi ne, "Ƙwaya ɗaya," sai jariri ya cinye tsakiyar maganar, sai kuma, "bayan abinci."

"Ka gane, Baba?"

"Na gane sarai, 'yata."

Shi mutum ne da ba ya son sa mutane maimaita magana, balle ga layi a bayansa.

Daga asibiti wurin aiki ya wuce. Ya buɗe gwangwanin shuɗin fenti, ya juya shi, sannan ya tuna da ledar, ya ciro ta daga aljihu don ya sake kallo. Babban yatsansa ya zauna daidai tsakiyar rubutun. Da ya ɗaga, sai ga tambarin yatsa shuɗi, kyakkyawa, har da zanen fata. Ya hura masa iska ya bushe, ya mayar aljihu.

Da yamma ya miƙa wa matarsa, domin ita ce mai karatun gidan. Shi nasa karatun a hankali yake tafiya, kamar mai hawa bene da kaya. Ta kai ledar bakin taga.

"Ƙwaya ɗaya," ta karanta. "Sai yatsanka. Sai bayan abinci."

"Abin da ta faɗa ke nan."

"Me ke ƙarƙashin fentin?"

"Sunan maganin ne. Irin dogon sunan nan nasu mai karya harshe."

Ta mayar masa, ta ce ya dai riƙa wanke hannu kafin ya taɓa abin mutane.

To, Na-Sama mutum ne mai bin umarni. In jikin gwangwani ya ce shafi biyu, shafi biyu zai yi, ko da na farko ya rufe bango. In ya ce a jira awa huɗu, zai zauna ya jira, ko mai gida yana tsalle. An ce bayan abinci, shi ke nan, bayan abinci. Da safe ya sha shayi da burodi, ya kora ƙwaya ɗaya. Da rana ya buɗe kwanon da matarsa ta haɗo masa, ya cinye, ya kora ɗaya. Da yamma a gida ya ci, ya kora ɗaya. Abin da ya ɗan ba shi wahala shi ne na hantsi, lokacin da yakan sauko ya ɗan taɓa wani abu. Sai ya zauna ya tsara wa kansa doka. Ayaba guda ɗaya ba abinci ba ce. Ayaba biyu abinci ce. Gyaɗa ba abinci ba ce ko nawa ka ci, domin ba a wanke hannu dominta. Dafaffen ƙwai kuwa abinci ne, babu gardama. Ta haka wata rana ya sha uku, wata rana huɗu.

A makon nan aikin wani gidan bene yake yi, na wata malama mai ritaya. Gaban gidan take so ya koma shuɗi mai haske, kuma tana zaune a kujerar roba a tsakar gida tana duba aikin kamar tana duba jarrabawa. Abokin aikinsa ƙanin matarsa ne, mutum mai 'ya'ya huɗu da tumbi, wanda kowa ke kira Rola. Shi da rola yake fenti, a tsaye a ƙasa, da doguwar sanda. Na-Sama kuwa yana ganin rola aikin masu sauri ne, masu son a gama a tafi. Shekara goma sha biyu suna wannan faɗan, kuma shekara goma sha biyu Rola yana zawarcin tsanin nan.

"Yaya, wai yaushe za ka huta ne ka bar mini katakon nan?"

"Ranar da ka iya jan layin taga ba tare da ka fente gilashin ba."

"Ai gilashin ma yana son ado."

Kwana uku na farko lafiya ƙalau. Ciwon kai ya tafi, Na-Sama har yana gaya wa Malama cewa likitocin yanzu sun san aiki. A rana ta huɗu ya tashi daga tsugunne, ya gama haɗa fenti, sai tsakar gidan ta yi masa wani lilo. Ya dafa bango. Abin ya wuce. Ya ce a ransa warin fenti ne, ko da yake shekara talatin warin bai taɓa yi masa komai ba. A rana ta biyar takalminsa ya matse shi. Ya duba, ya ga idon sawunsa ya cika kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya sassauta igiyar takalmin, bai gaya wa kowa ba.

A rana ta shida yana taki na tara, buroshi a hannu, yana jan layin ƙarƙashin tagar sama. Ya juya zai tsoma buroshi, sai bangon ya kwanta. Haka ya gani da idonsa, bango ya kwanta, sama ta koma gefe. Ya rungume tsanin da hannu biyu, ya manna goshinsa a katako, ya rufe ido. Buroshin ya faɗo ya yi wa ƙasa ado. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba.

"Malam mai fenti," Malama ta kira daga kujerarta, "lafiya kake rungumar tsani?"

"Lafiya lau, Malama. Ina auna layin ne da ido ɗaya."

Ya sauko taki ɗaya-ɗaya, kamar mai tsoron tada barci. Rola bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Rola ya ja shi bayan ginin inda Malama ba ta ji.

"Yaya, jiri ne ko?"

"Wa ya gaya maka?"

"Fuskarka ta yi kalar farar ƙasa. Tsaya, ina da wani magani da aka ba ni bara da na yi jiri. Saura guda shida, suna cikin akwatin babur. Ɗaya za ka sha ka ga ka miƙe."

Na-Sama ya kalli inda babur ɗin yake. Ransa ya so. Amma ya girgiza kai.

"Kai da aka ba ka, an duba ka ne aka ba ka. Ni ina da nawa a ciki. Ka taɓa ganin na zuba fentin mai a kan na ruwa ban san abin da ke ƙasa ba?"

"To ka gaya wa yayata."

"In ka gaya mata, sai na fente maka babur ruwan hoda."

Ranar ya ƙarasa ta a ƙasa yana gyaran gefen ƙofa, aikin da ko almajirin fenti na wata ɗaya zai yi. Maganin kuwa bai taɓa zarginsa ba. Magani ai gyara yake yi. Shi abin da ya gani shi ne tsufa ya zo, ya same shi a taki na tara. Ya tuna maigidansa, yadda wata safiya ya tsaya a gindin wannan tsanin ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce masa, "Hau kai." Daga ranar bai sake hawa ba.

Rana ta takwas ya gwada. Ya kai taki na uku, ƙafafunsa suka ce ba su san zancen ba. Ya zauna a kan takin, ya shafa katakon, yatsansa ya bi ta kan koren makarantar nan. Sannan ya kira Rola.

"Ranar Asabar ka zo gida ka ɗauka."

"Me?"

"Kar ka sa in maimaita."

Rola ya kalli tsanin. Shekara goma sha biyu yana jiran maganar nan, da ta zo kuma sai ya rasa inda zai ajiye ta.

Washegari da safe Na-Sama ya gama shayi, ya zazzage ledar, ƙwaya ɗaya ta faɗo, ta ƙarshe. Ya kora ta, ya ce zai koma asibiti, likita ya ce in ya ƙare a dawo. Matarsa tana kwashe kofuna. Ta ajiye su.

"Tare za mu."

"Don me? Na san hanya."

"Ka san hanya, amma kwana huɗu kana bin bangon gidan nan da hannu kamar mai neman tsaga. Takalminka kuma ka mai da shi silifa. Kana tsammani ban gani ba? Jira nake ka faɗa da bakinka."

"Rola ne ko?"

"Rola bai ce komai ba. Ya dai zo jiya ya gaishe ni sau uku, ya ƙi cin abinci. Ƙanina ya ƙi abinci, Maigida. Nan na san akwai magana."

A asibiti tagar magani suka fara biyawa, domin Na-Sama yana so ya nuna ledar a san irin wanda za a ƙaro. Yau babu layi sosai, babu jariri. Mai tabarau ta karɓi ledar, ta duba kwanan watan da ke gefe, ta girgiza ta, ta leƙa ciki.

"Baba, ina sauran?"

"Sauran me, 'yata?"

"Guda talatin na ba ka. Yau kwana tara."

"Ai na shanye. Ko ɗaya ban tsallake ba." Ya faɗa da ɗan alfahari. "Kin ce bayan abinci."

Ta cire tabarau. "Sau nawa kake cin abinci?"

"Ya danganta. In da ƙwai, huɗu."

Matarsa ta dafe ƙirji. Mai magani ta kalli ledar, ta ga tambarin yatsa, ta sa farce ta ɗan kankara. Fentin bai motsa ba.

"Ba haka ake yi ba," in ji Na-Sama. "Kawo. Na ruwa ne, daga gefe ake ɗaga shi."

Ya lanƙwasa ledar kaɗan, ya sa farcen babban yatsa a bakin shuɗin, ya ɗaga. Fentin ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Ya miƙa wa matarsa. Ta karanta a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Ƙwaya ɗaya. Sau ɗaya a rana. Bayan abinci." Ta ɗago. "Wannan ne dogon sunan mai karya harshe?"

Na-Sama ya kalli silin. Aikin silin ɗin ma bai yi kyau ba, da rola aka yi shi.

Mai magani ba ta tsaya dariya ba. Ta rufe tagarta, ta zagayo, ta kama hannunsa ta kai shi ɗakin likita ba tare da bin layi ba. A hanya take tambayarsa ko yana jiri, ko ya faɗi, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko ya haɗa da wani magani. Ya ce jiri dai akwai, ƙafa ta kumbura, faɗuwa kuwa saura kaɗan. Wani magani kuma an yi masa tayi ya ƙi.

"Wannan ka kyauta," ta ce. "Ni ma da laifina. Ranar nan ce maka na yi ka gane, ka ce e. Da cewa na yi ka maimaita mini, da ba mu zo nan ba."

Likita ya auna shi a zaune, ya sa shi ya miƙe ya sake aunawa, ya saurari ƙirjinsa, ya danna idon sawunsa da yatsa ya ga ramin da ya bari. Ya tura aka ɗebi jininsa. Sannan ya jingina da kujera.

"Baba, cewa na yi za mu sauko da shi. Kai kuma ka ture shi daga bene. Jininka ya yi ƙasa fiye da yadda ake so, shi ya sa in ka miƙe kanka ba ya samun rabonsa da wuri. Kumburin ma aikin maganin ne. Ko a ƙwaya ɗaya yakan sa wa wasu haka, balle huɗu. Ka yi sa'a ƙaramin ƙarfi na rubuta maka, kuma ka yi sa'a a ƙasa muke wannan hirar."

"Likita," in ji Na-Sama, muryarsa ta yi ƙasa, "ke nan ba tsufa ba ne?"

"Tsufa yana nan tafe, amma wannan ba shi ba ne."

Suka zaunar da shi a wani gado har bayan azahar, ana zuwa ana aunawa. Da za su sallame shi likita ya ce kada ya sha komai sai ya dawo jibi an sake dubawa, daga nan za a ce masa ranar da zai ci gaba. Ya riƙa tashi a hankali, ya sha ruwa. In jiri ya ƙaru ko numfashi ya yi masa wuya, ya dawo a take, kada ya jira jibi. Tsani kuwa babu shi sai an ba shi izini.

"Kuma Baba, duk ranar da magani ya sa ka ji wani abu da ba ka saba ji ba, ka zo ka faɗa. Ba a ɓoye mana."

"Ni ma ba a ɓoye mini," in ji matarsa, tana kallon bango.

Ranar Asabar Rola ya zo da igiyar ɗaure kaya, yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar rashin lafiya. Ya tarar da Na-Sama a ƙofar gida yana wanke buroshi, kumburin ƙafa ya fara raguwa. Matar Na-Sama ce ta ba ƙanin nata labari tun daga jariri har ƙwai. Rola ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya tashi, ya tuna dokar ayaba, ya sake zama.

"To Yaya, tsanin fa? Magana ai magana ce."

"Cewa na yi ka zo ka ɗauka. Ban ce ka riƙe ba. Ɗauki ka kai gidan Malama. Kai za ka hau, ni zan riƙe maka ƙafarsa, har likita ya sake ni. Da buroshi kuma."

"Buroshi? Yaya, ina da iyali."

Haka aka yi kwana goma. Rola a sama yana gumi yana jan layi, Na-Sama a ƙasa yana cewa hagu, Malama a kujera tana cewa ita dai a ganinta dama. Gilashi biyu suka sha fenti. An mayar da Na-Sama kan ƙwaya ɗaya, kuma kafin mai tabarau ta sakar masa sabuwar ledar sai da ya maimaita mata umarnin sau biyu, matarsa ta maimaita sau ɗaya. Ledar ba ta sake shiga aljihunsa ba. Tana ajiye a kan kantar kayan shayi kusa da gwangwanin sukari, inda fenti ba ya zuwa, kuma matarsa ce ke ajiye masa ƙwayar a gefen kofin shayi.

Ranar da likita ya auna shi a zaune da tsaye ya ce ya je ya hau abinsa, saura layin can ƙarƙashin rufi, wanda Rola ya yi ta kewaye wa. Na-Sama ya tsaya a gindin tsani ya kalli sama. Ya sa ƙafa. A taki na uku ya ɗan tsaya. A na tara ya tsaya ya juya da gangan, ya tsoma buroshi. Bango yana tsaye inda aka gina shi. Ya ƙarasa har na goma sha biyu, ya ja layin daga wannan kusurwa zuwa inda hannunsa ya kai, ba tare da ya ɗiga ko ɗaya ba.

Da hantsi ya sauko, suka zauna a inuwa. Rola ya ɓare dafaffen ƙwai ya miƙa masa. Ya cinye, ya sha ruwa, sai hannunsa ya tafi aljihun riga da kansa. Babu komai a ciki sai tsumman goge hannu.

"Me kake nema, Yaya?" in ji Rola, yana danne dariya.

"Tsumma," in ji Na-Sama. Ya ciro shi ya miƙa masa. "Tashi ka goge gilasan Malama."